Inoks ko baƙin ƙarfe, bel mai arha ko mai tsada: abin da na gaya ma Yaya kafin su kashe kuɗin injin man gyaɗa

Makon jiya yayata ta kira ni tun da sassafe wai in zo unguwar Zariya, nan Maradi, in duba mata wasu takardu biyu. Ita da matan adashinsu sun tara kuɗi, za su bar suyar gyaɗa a kasko su koma tano mai juyawa da injin matsa, to sai masu walda biyu suka kawo masu lissafi. Ɗaya ya ce inoks, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, zai yi masu tanon gaba ɗaya, mai ƙyalli kamar kayan asibiti, ɗayan ya ce baƙin ƙarfe mai kauri, kuma kuɗin na farkon ya yi ma na biyun nisa sosai. Ga maganar bel da tiyo da robobin toshe mai, su kam ba wanda ya ma rubuta irinsu, an dai sa "roba" kawai an wuce. Ni kuwa na daɗe ina gyaran injinan niƙa da na matsa tun daga nan cikin gari har Tibiri da Madarunfa, kuma sau nawa na ga babban inji lafiya lau yana zaune, ɗan bel ko ɗan gaskit ya tsayar da aikin sati guda.

Ta ce "ƙanena kai dai gaya mini, ba mai ƙyallin ya fi ba?" Na ce Yaya sa a kawo shayi tukuna, maganar da ɗan tsawo.

Shi inoks ɗin nan ba abu guda ba ne, dangi ne guda mai ɗiya da yawa. Asalinsa wani bature ne a Sheffield ta Ingila, Harry Brearley, a 1913 yana neman ƙarfen da bakin bindiga ba zai riƙa cinyewa ba, sai ya lura ƙarfen da ya zuba ma sinadarin kuromiyam da yawa ba ya tsatsa. Sai kuromiyam ya kai kashi 10.5 cikin ɗari ake kiran ƙarfe inoks, shi ne ke yin wata 'yar fata siririya a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani, ita ke hana iska da ruwa su ci shi, ko an karce ta sai ta sake rufewa da kanta. Wanda aka fi sani shi ne mai lamba 304, kuromiyam 18 nikel 8, shi ake yi ma kayan abinci. Akwai 430 wanda ba nikel cikinsa, ya fi arha, mayen ƙarfe yana kama shi. Akwai 310 na wuta, kuromiyam 25 nikel 20. Sai kuma 201, wanga shi ne mai cin amanar mutane, an rage mashi nikel an cika da manganis, ƙyallinsa ɗaya da 304 kuma shi ma mayen ƙarfe ba ya kama shi, don haka gwajin da kowa ya iya na manna mayen ƙarfe ba ya raba su ko kaɗan. Sai ka ga damina ɗaya gishiri ya taɓa shi ya fara fitar da ɗigo-ɗigon tsatsa kamar ƙyanda. In za ka sayi tol na inoks, ko a nan ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka nemi lambar da aka buga a jikin falan kafin a yanka, in mai kaya ya ce maka "duk inoks ne ai" to ka san inda ka tsaya.

Yanzu tanon suyar. Gyaɗa tana soyuwa ne wajen digiri 150 zuwa 180, amma wutar icce ko ɓawon gyaɗa da ke ƙarƙashi ta ninka haka sau da yawa, kenan aikin tanon ya ɗauki zafin nan mai tsanani daga wuri guda ya baza shi ko'ina. Toh a nan ne inoks ke ba da kunya. Baƙin ƙarfe yana tafiyar da zafi kusan ninki uku na 304, shi inoks inda harshen wuta ya lasa nan zafin ke taruwa, gefe guda gyaɗa ta ƙone gefe guda ɗanya, man ya fito da ɗaci ƙuli-ƙuli ya yi baƙi, kuma tunda tsada gare shi mai walda ba zai sa mai kauri ba, siririn tol zai naɗa maka, abin ya ƙara lalacewa. Sannan yana buɗewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe. Mita guda na 304 in zafinsa ya ƙaru da digiri 500 zai ƙara tsawo wajen milimita 9, baƙin ƙarfe 6 zuwa 7. Kamar ba komai, amma ƙasan tano na buɗewa samansa na sanyi, sai ya murɗe. Na taɓa ganin wani tanon inoks da bai yi wata uku ba ya koma kamar gurjiya, yana juyawa yana dukan bulon murhu ƙwal, ƙwal, mai shi tana tsaye tana kallon kuɗinta.

Baƙin ƙarfe ma ba waliyyi ba ne. Yana tsatsa, wannan kowa ya sani, ko da yake cikin tano maiƙon gyaɗar kan shafe shi ya yi baƙi sumul kamar tsohon kaskon waina, abin da ake tsoro shi ne damina in an ajiye shi a waje ba rufi. Babbar matsalarsa in zafi ya wuce digiri 500 da wani abu yakan fara ɓawo yana zubewa kaɗan-kaɗan, in ya kai wajen 600, lokacin da za ka ga ya fara ja cikin duhu, rabin ƙarfinsa ya tafi. Muddin tano na juyawa da gyaɗa ciki ba ya kai wa can, gyaɗar na shanye zafin. Abin da ke kashe shi shi ne wutar lantarki ta ɗauke, moto ya tsaya, tano ya tsaya cak a kan garwashi, kowa ya ruga neman mai janareta, kafin a dawo cikinsa ya lotsa gyaɗar ta zama gawayi. Shi ya sa na ce ma Yaya ko me za a rage a lissafin kar a rage hannun juyawa, ɗan ƙarfe ne mai lanƙwasa da yaro ma zai iya murzawa. Kuma kaurin tol ɗin kar ya gaza milimita 4, in da hali 5. Ni a ganina tano baƙin ƙarfe mai kauri ya fi, ban ma tsaya ja-in-ja ba.

Ta ce to kenan inoks ɗin yaudara ce? Na ce a'a, wurinsa daban. Duk inda mai zai zauna, tankin tara mai, mazurari, farantin tacewa, teburin da ake murza tunkuza, nan 304 ya dace kuma nan kuɗinsa ke fita, saboda ƙarfe mai tsatsa yana sa mai ya yi saurin hamami, jan ƙarfe ma ya fi shi ɓarna, don haka famfon tagulla mai ruwan zinariya ɗin nan da ake sa ma tanki a bar ma ruwa shi. Wurin nan ba wuta, ba murɗewa, siririn tol ma ya isa, wankewa kuma ba wuya. 430 zai iya yin murfi da bangon waje inda mai ba ya kwana.

Shi kuwa 310 gaskiya ƙarfe ne, yana jure wajen digiri 1100 ba ya ɓawo, da shi ake yin cikin manyan tandunan masana'antu. Amma nikel ke sa shi tsada, kuma samunsa na gaske a kasuwanninmu sai an sha wuya. Inda zai yi amfani shi ne ragar da garwashi ke zama a kai da farantin da ke tare harshen wuta, to waɗannan ma ƙarfen zubi yana yi, irin na tsoffin murhu da kan injin mota, yana da kauri yana riƙe zafi ba ya lanƙwasa da wuri. Aibinsa biyu, in yana da zafi aka watsa mai ruwa don a kashe wuta sai ya tsage tas, kuma in ya tsage waldarsa ba kowane mai walda ba. Bangon murhun kuwa jan bulo da yumɓu sun fi kowane ƙarfe arha da daɗewa. Wani yaro da ya yi karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo yana wurin, ya kawo maganar Inconel, na ce mashi ɗana wannan ai na injin jirgin sama ne, yawancinsa nikel ne, irin danginsa Nimonic aka yi ma injin jet na Frank Whittle a Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, mu gyaɗa za mu soya. Amma ya yi wata tambaya mai kyau, in wata rana aka koma suya da lantarki wace waya za a sa. Nikrom, nikel 80 kuromiyam 20, wadda Albert Marsh ya yi ma rajista a Amurka a 1906, ita ce cikin risho da dutsen guga na lantarki, tana da haƙuri ko ta sha wuta ana iya lanƙwasa ta. Kanthal ta ƙasar Suwidin ta fi ta jure zafi, har 1300 da ɗoriya, sai dai in ta sha wuta takan yi gautsi ta karye da an taɓa. A zafin gyaɗa nikrom ta isa har ta yi yawa.

Abu uku na hana su kwata-kwata. Tol mai ruwan kwano, wato wanda aka shafe da tutiya, kar ya kusanci wuta, tutiya na narkewa a digiri 420 kuma hayaƙinta lokacin walda na sa zazzaɓi, masu walda sun san shi. Alminiyam na narkewa a 660, tukunyar miya ta tsira ne don akwai ruwa ciki. Sai tsohon tano da ba a san abin da ya ɗauko ba, ko kyauta aka ba ka. Kuma in za a haɗa inoks da inoks a tambayi mai walda wane baget, wato sandar walda, zai sa, 308L ake so, in inoks da baƙin ƙarfe ne 309L. Wanda ya ɗauko 6013 ɗin da yake ƙofofi da shi, layin waldar ne zai fara tsatsa.

Sai roba, kuma nan na fi daɗewa don nan aka fi cutar mutane, ƙarfe ko ba komai ana ganin kaurinsa, roba kuwa duk baƙa ce.

Ɗanyar roba yadda take fitowa daga icce ba ta aikin komai, da zafi ta yi danƙo da sanyi ta sandare. Charles Goodyear ne a 1839 ya gano in an dafa ta da farar wuta takan tsaya da ƙafarta. Ko a haka tayoyin farko farare-farare ne kuma ba sa daɗewa, sai wajen 1910 da 'yan kai kamfanonin taya suka fara cuɗa ta da wata irin kunkunniya mai laushi ƙwarai da ake samu daga ƙona mai ko gas, tayar ta koma baƙa kuma ta ninka kwana, don ƙwayoyin kunkunniyar na riƙe robar ta ciki su hana ta yagewa da cinyewa, su kuma kare ta daga rana. Yau wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin taya ita ce. A 1992 Michelin ta fito da taya mai garin silika a madadin wani kaso na kunkunniyar don mota ta rage shan mai, amma wannan zancen taya ne. Abin da ya shafe mu shi ne mai son arha yakan cika robarsa da garin alli da tsohuwar roba da aka niƙa, ya sa 'yar kunkunniya don launi kawai. Alli cika ciki yake ba ya ƙara ƙarfi. Ni yadda nike yi a shago, in lanƙwasa ta sosai in duba bayan, in ta yi fari-fari ko ta nuna ƙananan tsaga na ajiye, in karce da farce in ga ko tana gari, kuma wadda ta cika nauyi a hannu fiye da girmanta ban yarda da ita ba.

Na sa aka ɗauko wani tsohon bel na yanka shi da wuƙa a gabansu. Yaya ta ce "au, ashe zare ne ciki." Zaren nan da ke jere kusa da bayan bel shi ke jan kaya, robar riƙe shi take tana kama fuli, wato faifan da bel ke zagayawa a kai. Bel mai siffar V ɗin nan John Gates ya fito da shi a Amurka a 1917, da zaren auduga ake yi, aka koma reyon, yanzu yawanci foliyesta ne, masu tsada kuma aramid, wato Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, asali ma don taya ake nemansa kafin ya zama rigar sulke. Wanne za a saya? Aramid kusan ba ya miƙewa, yana jure fizga, in injin matsa ya cushe da tunkuza ya yi gardama ba zai tsinke da wuri ba. Amma rashin miƙewar nan na nufin ba ya yafiya, in fuli biyu ba su daidaita ba ko an ɗaure shi fiye da kima, boris da sandar moto ne za su biya. Foliyesta yana ɗan ba da kai, sai dai bayan kwana ɗaya biyu da sawa dole a sake ɗaure shi. Ga injinanmu da ake kafawa a kan siminti da ido ba da ma'auni ba, foliyesta na kamfanin kirki ya fi mana kwanciyar rai, aramid sai inda aka ga bel na yawan tsinkewa da fizga alhali komai a daidai yake.

Jikin bel ɗin kuma iri-iri ne. Na gama-gari mai rigar yadi, masu yinsa kan ba shi iyaka wajen digiri 60 zuwa 70. Wanda aka yi da robar da ake kira niyofirin ya fi shi jure zafi kuma yana haƙuri da ɗan maiƙo. Mai robar da ake rubuta ma EPDM ya fi su duka jure zafi da rana, yana wuce digiri 100, amma gazuwal da baƙin mai abokan gabansa ne, kumbura yake ya yi laushi. Masu ƙera bel na cewa duk ƙarin digiri 10 a zafin jikinsa na rage rabin kwanansa, to ka tuna watan huɗu da na biyar a Maradi, waje ya haura 40, ga rumfar kwano, ga murhu a gefe, ga bel na santsi yana ƙara ma kansa zafi. Don haka kafin ma a yi maganar tsada a nisanta moto da bel daga murhu a bar masu iska. Mai haƙora ta ciki, wanda ake rubuta ma AX ko BX, yana lanƙwasa cikin sauƙi a ƙaramin fuli kuma bai cika zafi ba, in fulin moto ƙarami ne shi nike zaɓa. In injin gazuwal ne ke ja yana tofar da mai, niyofirin. In moton lantarki ne wuri a bushe, EPDM.

Girma kuma a kiyaye, A faɗinsa milimita 13, B 17, C 22, kar a sa A cikin ramin B wai ai yana juyawa. In bel biyu ko uku ne a jere a canza su tare, sabo ɗaya cikin tsoffi shi kaɗai zai ɗauki kayan ya mutu da wuri. A sa zare a miƙe a gefen fuli biyun a ga sun yi layi. A leƙa gindin ramin fuli, in yana ƙyalli to ramin ya cinye bel na zama a ƙasa, ko na zinariya ka sa santsi zai yi. Kuma don Allah a daina ɗana bel da sukundireba, zaren ciki ake tsinkawa tun bai fara aiki ba, a sassauta moto a sa shi da hannu. Masu shafa mai kwalta don ya daina kuka kuwa na gaji da faɗa.

Inda mai ke taɓa roba, gaskit na tanki, sil, tiyo, nan sunan da za a riƙe shi ne nitril, ana rubuta NBR, Jamusawa suka fito da ita shekarun 1930 musamman don mai, tana kai wa wajen digiri 100. Ta abinci yawanci fara ce, ita za a nema. Abin da aka saba a nan, a yanko tsohon tub na mota a yi gaskit, yana yi na 'yan kwanaki sannan ya jiƙe ya yi danƙo, man kuma ya ɗauki warin taya, kai da ke cikin wurin ba za ka ji ba amma mai saye a kasuwar Kadro hancinta zai gaya mata. Farin tiyon leda mai nuna ciki shi ma mai na tsotse sinadarin da ke sa shi laushi, tiyon ya sandare, sinadarin kuwa ya tafi cikin man da mutane za su ci. Ga ƙofar tano ko wani wuri mai zafi inda ba gogayya, silikon, tana jure 200 da ɗan wani abu amma tana yagewa da sauƙi. Wata roba da ake kira Viton na jure zafin da man duka biyu, kuɗinta ne dai ba na matan adashi ba.

Da la'asar muka kira mai waldan na biyu. Ya so ya yi gardama kan milimita 5, wai naɗa shi wuya, aka tsaya a 4 da zobba biyu na ƙarfafawa da hannun juyawa. Tanki da farantin tacewa aka ba na farkon ya yi da 304, da sharaɗin a ga lamba kafin ya yanka, ya ɗan ɓata rai amma ya karɓa. Bel B guda biyu da wasu biyu na ajiya, na ce a rataye su cikin ɗaki inda rana ba ta shiga, ba a ƙusa guda siririya ba.

Yaya dai ba ta haƙura da ƙyalli ba. Mazurarin sama inda ake zuba gyaɗa, wanda ko baƙin tol zai yi, ta ce inoks take so don shi masu wucewa ke hangowa daga bakin hanya. Na buɗe baki zan yi magana ta ce "kai ƙanena, wannan ba ruwan makaniki." Aka sa 430.